Tebur Mai Akuya

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar nan ta sake ki, kuma kina shan maganin kullum kamar yadda aka ce, ba sai ta motsa ba. Yaya mutanen gida da maƙwabta? Na ji Kawu ya sauka wurinki hutu, a gaishe shi. Ni lafiyata lau. Auta ma jikinta ƙalau, sai dai ta kashe wayarta, kuma maganar ba ta waya ba ce. Shi ya sa na ɗauki biro, duk da kin san ni da rubutu gaisuwar nesa muke yi.

Bari in faro miki daga abin da idona ya gani, don shi kaɗai na mallaka.

Ranar da su Auta za su rubuta takardarsu ta ƙarshe a jami'a, an kwana ana ruwa. Da safe muka buɗe ƙaramin zaure muka tarar rufi ya yi yoyo, ruwa har idon sawu. Jami'in jarrabawa ya leƙo yana tattare wando, ya ce a mayar da kowa babban zaure. Tebura suka kasa. Sai aka ce mu 'yan ɗaukar kaya mu buɗe sito, mu ɗebo tsofaffin da aka jibge tun kafin Kawu ya samo mini aikin nan. Na tsohon ajin sashen su Auta ne, kuma babu ɗaya a cikinsu da ɗaliban baya ba su yi wa zane ba.

Akwai wanda aka kama mini na ɗauko. Ƙafarsa ɗaya gajera ce, har na yanko guntun silifas na tokare ta. A samansa wani ya zana akuya sanye da tabarau, a ƙarƙashin akuyar kuma lissafi ne layi-layi. Biro ya ci katakon har ƙura ta samu wurin kwana a ciki. Na ce wa babban da ke tsaye a kaina, “Ranka ya daɗe, wannan sai an kankare shi da samfefa.” Ya ce, “Kai Dogo, samfefa yanzu? Share da tsumma ka kai baya, wa zai duba?” Na share na kai baya.

Dokarsu ta ce ma'aikacin da ke da ɗan'uwa cikin masu rubutu ba zai tsaya a zaure ba. Ni da bakina na je na faɗa musu ƙanwata tana ciki, ba wanda ya tambaye ni. Aka tura ni shara wani gini. Bayan na tafi 'yan ofis suka bi tebura suna liƙa lambar kowane ɗalibi, kuma lambar Auta ta faɗa kan mai akuya.

Ana cikin rubutu, wani malami mai sa ido da ɗalibai ke kira Shaho ya tsaya a kanta. Ya ɗage takardarta, ya ga lissafin, ya ɗauki hotonsa da waya, ya ƙwace takardar. Daga inda nake da tsintsiya na hango ta tana tafe, mai gadi a gaba, mai gadi a baya, biro yana hannunta ba ta ma rufe shi ba. Inna, Auta fa. Yarinyar da ko canjin gishiri ba ta iya riƙewa sai ta dawo miki da shi.

Sun ce satar amsa ce. Dokar ta ce duk rubutun da aka samu a jikin ɗalibi ko tufafinsa ko teburinsa nasa ne, domin akwai mai sa hannu kafin kowace jarrabawa cewa an goge tebura tas. Tunda an sa hannu, to teburin a goge yake. Tunda a goge yake, to ita ta rubuta. Kin ji karatun manya. In kwamiti ya tabbatar, kora ce, shekarun nan duka sun tafi, kuma wata jami'ar ba za ta karɓe ta ba.

Babban da ya ce in kai baya, ba zan faɗi ko wane ne ba tukuna. Ina so ya faɗa da bakinsa, ya fi mana mutunci gaba ɗaya. Ki yi mana addu'a, ki gaida kowa.

Ɗanki,
Dogo


Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta duk wanda ke cin abincin gidanki, amsarki ta iso ta hannun direba. Na karanta ta a tsaye, na zauna na sake karantawa. Haƙuri a farko, haƙuri a tsakiya, haƙuri a ƙarshe. Babu tebur a ciki, babu akuya, babu kora. An ce wai kin ji Auta ta samu 'yar matsala da malami, ta je ta ba shi haƙuri.

Inna, na san ki. Da an karanta miki abin da na rubuta, da ba takarda direba zai kawo mini ba, ke zai kawo, da ƙafar da komai. Na kuma san fensirin da aka rubuta amsar da shi. Mai faɗin baki ne, irin wanda ake saƙalewa a kunne.

Haƙurin kuwa na yi. Kin sha cewa ni ko tururuwa ta cije ni sai na bari ta gama. Na sa rigata mai kyau na tafi ofishin jarrabawa, na zauna a benci har inuwar bishiya ta bar taga. Sakatariyar mutuniyar kirki ce, ni nake gyara mata kujera. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta buɗe littafin dokokinsu ta sa yatsa.

Ta ce, “Dogo, kai ɗan'uwa ne, shaidarka ba ta shiga.” Na ce da na ɓoye cewa ƙanwata ce fa? Ta ce da tana shiga. Na ce wato gaskiyar da na faɗa ita ta rufe mini baki. Ta ce, “Ko ba haka ba, ƙaramin ma'aikaci ba ya magana gaban kwamiti sai ta bakin shugabansa.” Na ce shugabana yana hutu. Ta ce sai in jira ya dawo. Na ce kwamitin zai jira shi? Ta rufe littafin ta ce kwamiti ba ya jiran kowa.

Na roƙa a zo a dubi teburin kawai, ko yaro ya gani ya san rubutun ya girmi zuwan Auta makarantar. Ta ce hujja tana cikin fayil. Hujjar ita ce hoton Shaho, shi kuwa lissafin kaɗai ya ɗauka, ya yanke akuyar. Na tare shi a gindin mota. Bai zage ni ba, gara ma ya zage ni. Cewa ya yi shi abin da ya gani ya rubuta, yana da takardar da ta ce an goge, kuma in yi hankali da jingina da motarsa.

Yanzu ga wadda ta fi ci mini rai. Saboda abin da ya faru, an ba da umarni a goge duk tsofaffin teburan a shafa musu fenti, wai don kada a sake. Wa aka miƙa wa samfefa? Ɗanki. Samfefar da na roƙa ranar nan aka ce babu lokaci, yanzu ga ta bandir guda. In na fitar da teburin daga makaranta na zama ɓarawo, in na ƙi aikin a kore ni, ɗakin da Auta ke kwana ya tafi. Don haka na jera su layi a bakin sito, na sa mai akuya can ƙarshe, ina gogewa kamar mai yi wa jariri wanka. Tsoho mai gadi ya wuce ni ɗazu ya ce, “Dogo, tebur ɗaya tun safe? Aure za ka yi masa?” Na yi dariya don kada in yi wani abin.

Auta tana ɗakina. Ba ta kuka, da ma za ta yi da na fi samun sauƙi. Kayana wankakku take sake wankewa. Jiya ƙawayenta suka wuce ta layinmu za su je awon rigar bikin kammalawa, ta tashi ta saki labule. Da na kawo abinci ta ce, “Yaya, ni ko kallon teburin ban yi ba, na san amsar.” Na ce na sani. Ta ce, “To kai kaɗai ka sani.” Na tura mata kwanon, alhali ba ni kaɗai ba ne.

Mai karanta wa Inna wannan takarda, layin teburan yana raguwa. Ina gaishe ka da girmamawa, kuma ina jira.

Ɗanki,
Dogo


Zuwa ga Inna,

Mai kemis, na ce wa direba hannunka zai ba wannan, ba cikin gida ba. Don Allah ka rufe shago na ɗan lokaci ka shiga ka karanta mata duka, kada ka tsallake ko layi, kuma ka bari sai baƙonta yana zaune.

Inna, ina gaishe ki, ina tambayar ƙafa. Ki gafarce ni da na sa bare cikin maganar gida. Takardu biyu na aiko kafin wannan, ki sa a ɗauko su mai kemis ya karanta miki daga farko, za ki ji abin da aka tsallake. A taƙaice, ana shirin korar Auta daga jami'a kan rubutun da ke jikin wani tsohon tebur, rubutun da ba ita ta yi ba. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis.

Layin ya ƙare. Yau mataimakin shugabanmu ya zo ya tarar saura mai akuya kaɗai. Na ce samfefa ta cinye, ya ce gobe zai kawo sabuwa ya tsaya a kaina. Na kife teburin na ɗora masa buhunan siminti, na ce ƙafarsa nake gyarawa. Wannan ƙaryar za ta kai ni jibi, ba za ta kai ni Alhamis ba. Ban taɓa yi wa aikina ƙarya ba sai a kan wannan katakon, kuma ba zan yafe wa wanda ya sa ni ba da wuri.

Na koma wurin sakatariya, ta tausaya ta nuna mini ƙofa ɗaya da ta rage. Wanda ya sa hannu cewa an goge tebura, in ya zo da kansa ya ce ba a goge na sito ba, dole kwamiti ya saurare shi, ko da ɗan'uwa ne, don a matsayin mai sa hannu zai tsaya. In ya faɗa, za a je a duba teburin, a ba Auta dama ta sake rubutawa. Shi kuma za a ba shi takardar tuhuma. Na tambaya ko za a taɓa masa fansho, ta ce ba ta sani ba, wataƙila a ja masa rai, wataƙila a rage masa girma. Ba zan ɓoye wannan ba, don ni ba na tsallake layi.

Na san saura kaɗan ya yi ritaya. Na san ya tsufa a aikin nan ba a taɓa kama shi da ko ƙusa ɗaya ba, kuma ranar nan ba mugunta ya yi ba, sauri ne da ruwa da jami'i a kansa. Da ya tsaya ya ce kuskure ne, da ni zan fara tare masa. Amma washegari da safe ya cika takardar hutu. Ya wuce ta ƙofar ɗakina da jakarsa, yana jin Auta a ciki, bai ƙwanƙwasa ba. Ya tafi gidan uwarta ya zauna, tana dafa masa, tana ba shi takarduna ya karanta mata, yana zaɓar abin da za ta ji. Wannan ne ban iya haɗiyewa ba, Inna. Na gwada, ya ƙi wucewa.

Shi ya sassaƙa wa Auta ɗan teburinta na farko da ragowar katako, yana nan a ɗakinki kina ɗora fitila a kai. Shi ya riƙa cewa wannan yarinya sai ta kai inda mu ba mu kai ba. Ta kai ɗin, saura takarda ɗaya.

Motar direba tana juyowa ranar Laraba da sassafe, na ce ya ajiye kujerar gaba. Ba na neman a yi faɗa, ba na neman a ba ni haƙuri, ina da shi har ya yi mini yawa. A zo kawai a faɗi abin da aka gani.

Ki gaida maƙwabta. Mai kemis, na gode, Allah ya saka.

Inna, a waccan safiyar ba ni kaɗai na ga akuyar ba. Wanda ya kama mini ɗayan gefen teburin muka fito da shi daga sito, ya ce in share da tsumma in kai baya, sannan ya zaro fensir daga kunnensa ya sa hannu cewa an goge, shugaban kafintoci ne. Ƙanenki ne, Kawu. Ga shi nan zaune kusa da ke, ki juya ki tambaye shi.

Ɗanki,
Dogo