A Fitar da Salansar 'Yar Baba Waje

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ni Sodangi ɗan Albashir, tsohon malamin firamare, mai injin casar shinkafa a bakin hanyar Kurgu cikin ƙasar Bagudo, nake rubuta wannan da hannuna, cikin cikakken hankalina. Likita a Birnin Kebbi ya duba ni, ya ce zuciya ce ta gaji, kai kam lafiya lau yake. Ni ina da shakka a kan kan, amma tunda mai ilimi ya shaida, ku riƙe shaidarsa.

Zuwa ga 'ya'yana, Haliru da Mariya da Bunyaminu.

Na ɗaya. Gida da gonar fadama a raba su yadda shari'a ta ce. A kira malamai, ban sa baki ba. Takardar shaidar malantata tana cikin akwatin ƙarfe, a ba Mariya, ita kaɗai ta taɓa tambayar abin da aka rubuta a ciki. Gara ta cinye wurin da makina yake, sai ku yarda da ni cewa yana da yawa.

Na biyu. Injin nan da na raɗa wa suna 'Yar Baba. Marigayiya uwarku ta sha cewa na fi son ta da ku. Ta yi gaskiya, domin ita ba ta taɓa mayar mini da magana ba. Shekara talatin da ɗaya ina tsaye a kanta a ɗaki mai taga ɗaya, tagar ma na toshe ta da buhu saboda kajin maƙwabta. Mata daga Geza, fatake daga tsallaken iyaka ta wajen Benin, kowa ya ajiye shinkafarsa ya koma ƙarƙashin darbejiya yana shan iska. Ni, mai ilimin cikinsu, ina ciki ina shaƙar ƙurar ɓuntu da hayaƙin gas.

Likitan ya zana mini a takarda, kamar yadda nake zana wa yara a allo. Ya ce ƙura mai laushi da hayaƙin inji suna sauka can ƙasan huhu, jiki ya ɗauke su abokan gaba ya tashi faɗa. Faɗan nan shi ne kumburi. Na kwana biyu ba komai ba ne, amma na shekara da shekaru yana taɓa jijiyoyin jini, su yi tauri su ƙuntace, zuciya ta yi ta tura jini da kyar. Har ƙarar injin ya ce tana da nata rabon a hawan jinina. Na ce masa kullum bayan aiki nakan sha nono ƙwarya guda don ya wanke ƙirji, kamar yadda duk masu inji suke yi. Ya tambaye ni ko na san hanyar nono daban, hanyar numfashi daban. Na sani. Ni na koya wa 'yan aji biyar, har na doki wanda ya manta.

Na uku. Kada wanda ya zargi Fadimatu mai nono. Ba ta taɓa cewa magani take sayarwa ba. Ku ci gaba da saye, nononta ba ruwa.

Na huɗu. Rigimata da maƙwabcinmu Ango ta ƙare daga yau. Ku san asalinta, don abin da na gaya muku ba shi ne ba. Da can salansar injin tana leƙawa ta katangar gabas, hayaƙi yana shiga gidansa. Ya kai ƙarata wurin mai unguwa, aka ce in ɗaga bututun sama da rufi. Na ga in na ɗaga, Ango ya ci nasara. Sai na sa aka yanke shi, aka toshe ramin, hayaƙin ya dawo cikin ɗaki. Na aika masa cewa ko hayaƙina ba zai ƙara samu kyauta ba. Na cika alkawari, shekara goma sha tara bai samu ko kaɗan ba, ni na shanye abina. Ango ya girme ni da shekara bakwai, har yau da keke yake zuwa kasuwa. Ku ce masa na yafe. In ya ce shi ya kamata ya yafe, ku yi shiru, haka ne.

Na biyar. Takunkuman da aka raba lokacin annoba, waɗanda nake tace gas da su, a zubar. Bunyaminu ya samo na masu aikin ƙura, wanda yake kama fuska sosai.

Na shida, kuma saboda shi na ɗauki biro. Haliru, shekara tara ke nan kana cikin ɗakin nan. Na ji tarinka. Na ga kana tsayawa ka dafa katanga bayan buhu biyu, ka yi kamar takalmi kake gyarawa. Ni na fara wannan dabarar, ba za ka ɓoye mini ita ba. Kowa injin ya faɗa wa a rabo, kada a ƙara tayar da shi sai an fitar da salansa sama da rufi, an cire buhun taga, an fasa wata tagar a yamma. Kai kuma ka je a auna jininka, a saurari ƙirjinka. Na faɗa maka da baki sau uku, ka ce sai bayan kaka, yanzu aiki ya yi yawa. Ni ma abin da na ce ke nan, kaka talatin da ɗaya. Ka raina maganata ina da rai, na sani. Mutanenmu sun fi jin maganar mamaci, shi ya sa na rubuta.

Mariya, ke za ki riƙe takardar awonsa. In ya ƙi zuwa, ki kwance bel ɗin da ke juya injin ki tafi da shi ɗakin mijinki. Na ba ki izini, shaidu sun ji.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuriya mai jin magana fiye da ubanku. Ku riƙa cin abinci tare ranar Juma'a, ko da kuna fushi da juna. Kada ku raba gidan nan da katanga. In an kai ni, ku bar mini wurin ni kaɗai na tsawon lokaci. Haliru, ba na neman ɗan rakiya.