Kalmomin da Zan Tahi da Su Anaca

Tsarnawa, ran Litinin

Ɗana Mas'udu,

Don Allah in takardar ga ta iske ka, aje abin da ke hannunka ka saurare ni yanzu, ko cikin aji kake. Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kana lahiya, kai da iyali da aikin koyarwa. Allah shi ƙara rufin asiri. Mu nan da sauƙi, an yi girbi, gero ya shiga rumbu. Malam Sallau na bakin gidan waya ke rubuta mani, in ka ga magana ta hau bisa magana, bakina ne ke rawa.

Wanka, babban ɗan nan nawa, ya bi motar albasa zuwa Anaca, motar ta kihe kusa da garin. Ado, wanda sunka tahi tare, ya komo jiya da hannu ɗaure. Ya ce ƙugun wanka ya karye, shina kwance wata asibiti, ba shi iya juyawa sai an juya shi. Ya ce mutanen ba su da mugunta, amma ba mai jin Hausa cikin ɗakin, shi ko ɗan Faransancin da ya tsinto a lakwal, makarantar boko, ba shi da amfani can. In shina son ruwa sai shi buga ƙarhen gado. Kowa da mai jinyarshi zaune bisa tabarma, shi kaɗai ba kowa.

Ni za ni. Kada ka hana ni, Liman ma ya gwada. Tunda anka rufe iyaka, namiji marar takarda kama shi ake a maido, tsohuwa ko ba mai dubinta. Bayan Juma'a za a ƙetara da ni ta daji, in kwana wurinka Sakkwato, ka sa ni mota. Ban ce ka bar aikinka ba.

Abin da nike roƙo, ka shirya mani Ingilishin neman taimako, kaɗan, wanda kan tsohuwa ke iya riƙewa. Na'Allah na tasha ya koya mani guda, wai helef, ya ce in riƙa ƙarawa da filis don ladabi. Tun jiya nike maimaita su wurin daka, har jikoki na dariya. Sai dai tsoro nike ji. In na tsaya bakin hanya da tsohon zanena ina hwaɗin haka, ba za su ce bara nike ba, su jeho mani kwabo su wuce? Ni ba sadaka nike so ba, hannu nike so. Mu nan wanda ya ce a tanya shi ɗaukar kaya daban, wanda ya yi kururuwar agaji daban. Su ma dole suna da irin haka. Ka nemo mani wadda ake ce ma mutum kama mani mu tashe shi, da wadda ake ce ma mai wucewa gwada mani hanya. Da wadda zan kira malamar asibiti in jiki ya tsananta, ta gane ba ta jira ba ce. Ka koya mani godiya kuma, kada a yi mani alheri in tsaya kamar kututture.

Akwai wadda ta hi su nauyi. Ado ya ce bakin ƙofa sai na hwaɗi sunan marar lahiya kahin a bar ni in shiga. Mas'udu, ka san ɗan fari ne. Tun ranar suna bai taɓa hita bakina ba. Kakarshi ta goye shi, ko gaban mutane ban taɓa miƙa mashi ruwa ba, haka munka iske ana yi. Larai ƙanwarshi ta ce in riƙe takarda mai sunan in gwada masu. In ta ɓace fa? In kuma na iske shi bai san inda yake ba, da me zan kira shi ya waiwayo?

Ka gaida matarka Halima da yara, ka gaida abokinka Takama in shina nan garin. Hawa'u matar wanka tana gidan iyayenta, ba ta sani ba tukuna, cikinta ya tsufa, kada labarin ya biyo ta wajenku.

Ni ce gwaggonka Gimbiya.

Malam, kada ka ninke tukuna. Mas'udu, yau yau ka tahi tasha ka sami direban da za shi Anaca, ka ba shi saƙo. Kahin kowa, wanka za a gaya ma, don shi daure. A ce mashi uwarshi na bisa hanya. A gaya ma Hayatu.