Kujerar Malam Buhari

Daren Talata, 9 ga Rajab

Yau aka bugo waya daga Kano cewa ƙanen Malam Buhari ya rasu.

Makon jiya Malam ya zo ofishinmu na jirgin sama don ya tafi duba shi asibiti. Jirgin namu kujera takwas gare shi, kuma sau ɗaya yake zuwa a mako. Wani Bature mai sayen fatu ya iso a makare, manaja ya ce in sauke mutum guda. Malam na zaɓa, don na san shi kaɗai ba zai yi mini faɗa ba. Mutumin da ya koya mini karatu!

Da na je gaisuwa ɗazu, ya riƙe hannuna ya ce, "Umaru, ka rame. Aikin nan na wahalshe ka."

Na kasa ɗaga kai. Gobe jirgin zai sauka, ni ne kuma zan kira sunayen fasinjoji.