Na Kira Sunansa, Ya Waiwayo

Baba Bamalli,

Don girman Allah ka taimake ni. Takarda uku na yaga kafin wannan.

Ni ɗan wasan badminton ne a nan Abuja, ko in ce Suleja, har yanzu bakina bai saba da sabon sunan ba. Ƙwallon gashin tsuntsu muke bugawa da raket ta saman raga. Mutanen unguwa suna mana dariya, wai ƙarti suna bin gashin kaza, amma a kan wasan nan hukumar wasanni ta ɗauke ni aiki, ban iya komai ba sai shi.

Shekara shida muna wasan bibbiyu da abokina Istifanus, malamin firamare a Gauraka, wanda kullum a keke yake zuwa atisaye. Shi a gaba kusa da raga, ni a baya ina dukan ƙarfi. Doka ɗaya ce kowa ya sani: na gaba ba ya waiwaye in na baya zai buga, ko gini ne ke rushewa.

Bara waccan, ranar da masu zaɓen 'yan wasa suka zo daga Minna, sau biyu yana tare ƙwallon da nawa ne. Ni kuma ina so a ga hannuna. Da na ukun ya taso sama, na riga na ɗaga raket, sai zuciya ta ɗebe ni na daka masa kira da sunansa. Ya waiwayo. Idonsa na dama na samu, bai sake gani da shi ba.

Zauren cike yake da ihu, babu wanda ya ji ni. Kowa ya ce laifinsa ne, har kocinmu yana kafa misali da shi ga sababbi. Ina tsaye ake faɗa, ina shiru.

Da ma ya tsane ni, Baba, da na samu sauƙi. Har gobe yana zuwa, ya zauna yana turara mana ƙwallaye a tururin buta don kada gashin ya karye. Matarsa Rebeka ba ta fasa aiko mini da tuwon acca ba. Ni kuwa da rana tsaka, duk sanda na ɗaga hannu, sai in ga fuskar nan tana juyowa, ko da ba kowa a gabana. Na koma wasan ɗaiɗai, abin bai bar ni ba. Ƙarar ƙwallon a idonsa ma ina jin ta, 'yar ƙarama ce, tas, kamar an karya tsinke. Tsoro nake ji, kuma ina jin kunyar kaina.

Yanzu an kira ni Legas wata mai zuwa, gwajin shiga tawagar ƙasa. Shi da hannunsa ya ɗaure mini sabuwar igiya a raket ya kawo, na kasa taɓa ta. In na faɗa masa zan rasa shi. In na tafi, kan idonsa na taka. Ko in ajiye wasan kawai?

Naka,
Mai Hannun Dama, Suleja

Ɗana,

Na karanta, kuma na tausaya maka. Bari mu raba abin biyu. Ba ka nufi idonsa ba, wannan tsautsayi ne, kuma shi ma ya san dokar waiwaye. Amma shekara biyu kana tsaye ana kafa misali da shi, wannan ba tsautsayi ba ne, zaɓinka ne, kuma shi ke hana ka sakat.

Ajiye wasa ba zai mayar masa da ido ba. Zai dai ba ka damar ɓuya, ka kira shi hukunci. Tafiya Legas da bakinka a rufe ita ma ba za ta yi ba, don fuskar da ke juyo maka a Suleja za ta juyo maka a can.

Akwai abin da ka tsallake a wasiƙarka. Ka ce babu wanda ya ji ka. To me ya sa ya waiwayo? Istifanus ya ji, ɗana. Tun ranar ya san muryar wa ce, ya haɗiye, ya bar mutane suna ɗora masa. Ba asiri za ka tona masa ba, kaya za ka karɓa daga kan wanda ya daɗe yana ɗauke maka.

Ka hau keke ka je Gauraka wannan makon. Ka faɗa masa ba tare da kare kai ba, ka roƙi gafara, sannan ka faɗa wa kocinku a gaban 'yan wasa. Yana iya yin fushin da ya danne, haƙƙinsa ne, ka jure. Maganar Legas kuma ka yanke ta bayan ka dawo.

Allah ya sanyaya zuciyarka, ya saka wa abokinka da alheri. Ka daina barinsa yana jira.

Baba Bamalli