Salansar da Ta Kora Mutane Daji

Zuwa ga Shugaban makanikan garejinmu, Kafanchan.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ne Ɗanjuma mai farar a-kori-kura, wanda ke ɗauko citta daga ƙauyukan bayan Kagoro. Sau biyu ina zuwa ofishinka ana ce mini ka fita, shi ya sa na rubuta inda kowa zai gani.

Na ɗaya. Ranar Litinin na kawo wa Oga Sule makanike motata ya yi mata juyen baƙin mai, ba wani abu ba. Shekara tara ina tuƙa ta, ko tari ta yi na san dalili. Da na karɓe ta sai na ji tana ruri daga ƙasa, hayaƙi na shigowa har inda nake zaune. Sule ya ce iska ce ta shiga, za ta washe. Na yarda, wautata ke nan.

Na biyu. Ranar Laraba ina gangarawa cikin wani ƙauye, ina ɗaga ƙafa daga totur sai salansa ta yi tau! tau! tau! kamar harbin bindiga. Kai ɗan ƙasar nan ne, ka san abin da wannan ƙara ke nufi ga mutanen da suka taɓa kwana a daji. Mata suka watsar da cittar da suke shanya, kowa ya yi ta kansa. Mama Ladi, tsohuwar da ta fara sayar mini da citta a garin, mai kirana ɗanta, ta faɗa kwalbati ta karye a ƙugu. Matasa suka kewaye ni da sanduna. Ba don faston garin ya shaida ni ya shiga tsakani ba, da wani ne zai rubuto maka wannan takarda. Mai unguwa ya ce kada motata ta ƙara shiga garinsa.

Na uku. Wani mai walda ya shiga ƙarƙashin motar ya nuna mini da idona. An yanke tukunyar nan ta jikin salansa da kuke kira indomi, an liƙa guntun bututu a gurbinta, waldar ko rabi ba ta kama ba. Kowa ya san sayar da ita ake yi. Na koma wurin Sule, ya yi mini dariya a gaban mutane.

Ban yafe ba, kuma ba ni da niyya. Yardar da na yi shekara tara ina tarawa a tsakanin mutanen da ba addininmu ɗaya ba, Sule ya yanke ta ya sayar.

Buƙatata biyu ce. Ya mayar da abin da ya cire. Sannan ya bi ni ƙauyen, ya durƙusa gaban Mama Ladi da mai unguwa, ya faɗi da bakinsa abin da ya yi.

Kafin nan ba zan gyara salansar ba. Kullum da safe zan ajiye motar a ƙofar rumfarsa in taka totur, duk wanda ya tambaya in kwantar da shi ƙarƙashi ya ga aikin Sule. In kunnenku ya gaji, ku tuna akwai tsohuwar da ba ta iya tashi daga tabarma.

Allah ya ƙara maka girma, ya ba ka ikon yin adalci. Wassalam.

Ɗanjuma mai citta.