Fentin da Ruwan Sama Ya Wanke

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Yaya ciwon bayan nan naki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan duk lafiya lau. Aikin idon da aka yi wa Baba ya yi kyau, an cire masa yanar, yanzu har shi ke zura wa Gwaggo zare a allura yana yi mata tsiya. Maman yara ma ta warke daga murar da ta dame ta, shuka kuma ta fito da kyau.

Na zaɓi in rubuto miki ne maimakon in kira a waya, domin na san ki, da kin ji farkon maganar za ki fashe da dariya, ni kuwa abin bai zama na dariya a wurina ba tukuna. Gara kuma ki ji daga bakina kafin Kawu ya kai miki shi da gishiri. Maganar tsohuwar taraktar Baba ce. Kin tuna lokacin da aka kwantar da shi a asibiti na faɗa miki ina so in yi mata fenti, don in ya dawo da sabon ido ya fara ganin abu mai kyau? Kika ce tunanin ya yi, amma kada in taɓa ta sai na tambaye shi. Na ce to, ban kuwa tambaya ba. Yabo nake nema, Yaya, ba wani abu ba.

Na fara zuwa wurin mai fentin motocin nan da ake kira Dogo. Ya zo har rumfa ya zagaya taraktar, ya ce aikin kwana biyar ne: a kankare tsohon fentin da sanfefa har sai ƙarfe ya fito, a shafa fentin ƙasa mai hana tsatsa, sannan a fesa jan fenti sau biyu. Da ya faɗi farashi sai na ji kamar sabuwar tarakta yake sayar mini. Na sallame shi, na shiga layin masu fenti ina bin shaguna ɗaya bayan ɗaya, ina ɗaga gwangwani ina ajiyewa. Can ƙarshen layi wani mai shago ya jawo mini babban bokiti daga ƙarƙashin tebur, ja wur, ya ce wannan yana kama komai, ba ya son sanfefa, da ruwa ma ake tsinka shi. Ko kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin Dogo bai kai ba. Na ɗauko ina jin kaina mai wayo. Maman yara ta leƙa bokitin ta ce ƙamshinsa irin na fentin da aka yi wa ɗakinmu ne, na ce ta koma kan tukunyarta. Tun muna yara kike ce mini araha ba ta ado, ban taɓa ji ba.

A yini ɗaya na gama, da burushi. Akwai wani wuri a kan ƙarfen da ya rufe babbar tayar hagu inda fentin ya goge gaba ɗaya, ƙarfen ya yi sumul yana sheƙi, ga kuma wani ɗan gurbi a bakinsa mai faɗin tafin hannu. Na yi mamaki da babu tsatsa ko ɗigo a nan alhali ko'ina ta ci, amma ban tsaya tunani ba. Na ce ai nan ne ya fi muni, na yi masa shafi biyu. Da yamma taraktar ta fito kamar sabuwa, maƙwabta suna ta sannu da aiki, ni kuwa ina ta hura hanci.

Ranar da Baba ya dawo, ko ruwa bai gama sha ba na ja shi zuwa rumfa. Ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya bi ta hagu, ya ɗora hannunsa a kan ƙarfen tayar nan, ya shafa, ya sake shafawa. Daga nan ya ce sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka, ya juya ya shiga gida. Na ɗauka gajiya ce. Amma kin san kowace safiya yakan je rumfa da tsumman mai a aljihu, ko da ba aiki za a fita ba. Daga ranar ya daina. Sati guda yana zaune a ƙofar ɗaki yana kallon bango, abinci ma sai an yi ta lallashi.

Kawu ne ya zaunar da ni. Ya tambaye ni ko na san abin da na rufe, na ce tsohon ƙarfe. Ya ce nan ne mazaunin Inna. Shekara ashirin da wani abu a nan take zama in za su gona, zaninta ne ya goge fentin, gurbin nan kuma inda take riƙewa ne in an shiga gargada. Tun rasuwarta, Allah ya jiƙanta, Baba ke goge wurin da mai kowace safiya don kada tsatsa ta taɓa shi. Kawu ya ƙara da cewa ni kaina a kan cinyarta nake zama a wurin, ke kina ɗaya gefen. Yaya, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Kowa a gidan nan ya sani, har maman yara da ta zo daga baya, ta ce ta ɗauka zan kewaye wurin ne. Ni da na zauna a kai ni kaɗai na manta. Likita ya buɗe wa Baba ido, abin da na fara nuna masa ke nan.

Na kasa haɗa ido da shi, na kuma kasa ba shi haƙuri. Ana haka aka yi ruwa mai ƙarfi ranar da na bar taraktar a waje bayan na dawo daga gonar maƙwabcinmu. Da aka ɗauke, jan ruwa ne ke gangarowa daga ƙofar gida har bakin titi, mai shagon kusa da mu ya leƙo yana tambayar ko sa muka yanka ba mu aiko masa ba. Fentin ya kumbura yana saɓulewa kamar bawon dafaffen ƙwai. Ashe fentin bango na saya. Waɗanda suka yi mini sannu da aiki su ne suka taru suna dariya, ban kuma ga laifinsu ba.

Haka na tattara kunyata na koma wurin Dogo. Ya yi dariyarsa ya more, sannan na ba shi labarin mazaunin Inna. Ya ce in gode wa Allah da rowata, domin da na yarda da aikinsa da ya bi wurin da sanfefa, kuma babu ruwan saman da zai dawo da shi. Ya ce in wanke da sabulu da soso mai laushi. Ya kuma nuna mini hanyar da aljihuna zai iya: in sayi fentin mai irin wanda ake yi wa ƙofofin ƙarfe, da ƙaramin gwangwani na mai hana tsatsa, in riƙa kankarewa ina shafawa sashe-sashe, siriri-siriri, ina bari ya bushe. Ya ce zai yi shekaru in ban yi gaggawa ba.

Kwana biyu ina wanki. Wurin ya dawo, da sheƙinsa da gurbin hannun, sai dai ruwan da ya kwanta a ƙarƙashin fentin ya bar tsatsa kamar faɗin ƙwandala a gefe guda. Na goge ta, amma tabon yana nan, kuma ni na jawo shi. Ina durƙushe ina kallonsa na ji sandar Baba a bayana. Na buɗe baki zan roƙi gafara, ya ɗaga mini hannu. Ya shafa wurin ya ce sauran jikin in yi masa duk launin da na ga dama, ƙarfe ne. Sannan ya zaro tsumman man nan daga aljihunsa ya miƙa mini, ya ce gwiwoyinsa sun fara ƙin safiya, kuma yanzu ai na san wurin.

Yau kwana tara ke nan ina gogewa kafin in karya kumallo, shi kuma yana zaune a kan benci yana gyara mini hannu. Ki yafe mini ƙin jin maganarki da na yi, Yaya. In kin zo za ki tarar da taraktar rabi ja rabi tsatsa, don a hankali nake bi yanzu, amma gefenki na dama ban taɓa shi da sanfefa ba, sai kin zo kin duba ko akwai abin da ni ban gani ba.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Babban Yaya in kun haɗu, da takwarar Inna da ƙannenta. Baba da Gwaggo da Kawu da maman yara duk suna gaishe ki. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki mai kunnen ƙashi,
Auta