Ranar da Aka Rufe wa Auta Shafi

Zuwa ga Baban yara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki da zaman nesa da gida. Ina fata ciwon bayan da kujerar motar aikin hanya take sa maka ya lafa.

Mu nan, Inna ta ji sauƙin ƙafarta, har tana fita ƙofar gida tana yi wa masu wucewa faɗa, ka san alamar lafiyarta ke nan. Babba lafiya lau, yana wurin waldarsa. Ni ma ina tsaye, keken ɗinki bai kwanta ba. Wadda ba ta da lafiya Auta ce, kuma ba ciwon kai wa asibiti ba ne.

Dokar nan da ake ta faɗa a rediyo, wadda ta hana yara shiga dandalin sada zumunta sai sun cika shekara goma sha shida, ta iso gidanmu. Ranar Litinin biyu ga wata aka rufe wa Auta shafinta. Shekarunta sha uku da wata huɗu.

Na san za ka ce gara da aka yi. Kai wata bibbiyu kake zuwa, ba ka ganin komai sai ƙeyarta a sunkuye kan waya. Bari in gaya maka abin da ke ciki.

Tun da sanƙarau ya tafi da jinta tana shekara bakwai, Auta ba ta da ƙawa ko ɗaya a layinmu. A makaranta tana zama a gaba, ta kwafi abin da ke allo, ta dawo. A gida kuwa sai littafin nan namu da ke rataye a ƙusa bakin kicin, mai biro ɗaure da zare, wanda saboda shi na shiga ajin manya da furfurata. Ni in rubuta, ita ta rubuta, ta kuma gyara mini kuskure da jan biro kamar wata shugabar makaranta. Kai ma ai alama biyu ka iya, alamar zo nan da alamar ci abinci.

To a cikin wayar ta samu yara kurame irinta, su goma sha ɗaya, kowa da garinsa. Su suka koya mata maganar hannu ta gaske, ba kame-kamen da muke yi ba. A cikinsu akwai wata da take kira Mai Tabarau. Kullum bayan makaranta sai ta jingina wayar da gwangwanin maɓallaina, su yi ta hira da hannu, tana dariya har da buga tebur. Shekara shida ban ji wannan dariyar ba sai a dalilin yarinyar nan.

Abin da ya fi ciwo, ba su taɓa karɓar lambar juna ba. Da na tambaye ta dalili, sai ta rubuta mini wai me kurma zai yi da lambar kira. Ba ta san sunan yarinyar na gaskiya ba, ba ta san garinsu ba, sai alamar da suke kiranta da ita, yatsu biyu zagaye da ido. Na ɗauki wayar na je wurin mai gyara na bakin tasha. Ya jujjuya ta, ya ce Hajiya ko ni na haifi kamfanin ba zan iya ba. Auta ta gwada buɗe sabon shafi, aka ce ta nuna fuskarta, ta nuna, aka ƙi.

Yau kwana tara ke nan. Tana zuwa makaranta, tana wanke-wanke, tana cin kaɗan. Amma hannuwanta sun mutu, a cinya take ajiye su kamar na aro. Jiya na leƙa na same ta gaban madubin ɗakinmu tana yi wa kanta magana da hannu, da ta gan ni sai ta yi kamar gyaran ɗankwali take yi.

Ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. Ta ɗauka kai ne ka sa aka rufe. Ka tuna zuwanka na ƙarshe, da ka shigo da jaka ba ta ɗago kai ba, ka nuna wayar ka yi alamar kulle ƙofa da makulli? Ba ta manta ba. Ranar da abin ya faru, kalma biyu ta rubuta a littafi: Baba ne. Hotonka da ke jikin bango ta juya shi. Inna ta gyara, ta sake juyawa, har Inna ta ce ita ta gaji da kokawa da mutumin da ba ya nan.

Na ga ya kamata ka sani kafin ka zo. Direban tankin ruwa zai kawo maka wannan. Ka yi haƙuri da rubutuna, mai gyara mini ba ta cikin hayyacinta.

Inna da Babba suna gaishe ka.

Ni ce,
Maman yara.

Zuwa ga Baban yara,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya kamar yadda muke, in ban da wadda ka sani. Inna tana nan da bakinta. Babba ya ƙone yatsa a wurin aiki, amma da sauƙi.

Amsarka ta iso. Na karanta ta sau uku, har wurin da ka rantse ba ka san ma yadda ake rufe shafi ba, da wurin da ka ce in gaya mata ka saya mata jakar makaranta mai aljihu uku. Ba sai ka rantse mini ba. Na san ba kai ba ne, don ni ce.

Ranar Litinin ɗin da aka rufe shafin, da safe tana wanka, wayarta tana caji kusa da kekena. Sai rubutu ya fito. Da can zan jira ta ne ko Babba. Amma na ɗauka, na bi shi da yatsa, na karanta shi tas ni kaɗai. Ana tambayar ranar haihuwar mai shafin. Ni da ban san tawa ranar ba, ta Auta na san ta har da sa'ar. Na rubuta rana da wata da shekara, ban yi kuskure ko ɗaya ba, har na ji daɗin kaina.

Na so in tsaya nan, in ce maka ban san abin da zai biyo baya ba. Amma ƙarya ce. A ƙasan akwai layi da ƙananan haruffa da ya ce wanda bai kai sha shida ba za a rufe masa. Shi ma na karanta shi, na kuma gane shi. Da a shekarun baya ne sai in ce jahilci, yanzu ba ni da wannan mafakar.

Na yi ta gaya wa kaina tsoro ne, saboda abin da ake faɗa na mugayen mutane da ke yaudarar yara a waya. Akwai tsoron, Allah ya sani. Amma akwai wani abu a ƙarƙashinsa. Da, littafi ɗaya ba ya yi mana wata guda. Na bana ya shiga wata na biyar bai kai rabi ba. Ina zaune ina ɗinki, 'yata tana gefe tana dariya da wata baƙuwa cikin yaren da ban iya ba. Na sha wuya na koyi biro don in kai gare ta, ina isowa na tarar ta yi gaba. Na so ta dawo mini, shi ke nan.

Ta kuwa dawo. Yanzu kullum tana cika mini shafi biyu, duk a kan Mai Tabarau, da yadda take tsoron yarinyar za ta zaci ta guje ta ne. Shekaranjiya ta rubuta cewa a gidan nan ni kaɗai ce tata. Na karanta, na fita bayan gida na yi kukana, na wanke fuska, na dawo na rubuta mata ta yi haƙuri.

Ta haɗa kayanta. Ta ce ranar Juma'a za ta tafi gidan gwaggonta, don kada ka iso Asabar ka same ta. Ni na jawo maka wannan, ina kallo aka juya hotonka ban ce uffan ba.

Idan na faɗa mata, za ta dawo maka, amma ba za ta ƙara taɓa littafin nan ba, kuma babu wani a gidan da ya iya hira da ita. Idan na yi shiru, tana da ni, kai kuma ka rasa ta a kan laifin da ba naka ba. Na juya abin ta kowace fuska na kasa.

Na riga na rubuta mata gaskiya a shafi guda, na yage shi, ga shi nan a naɗe cikin wannan takarda. Direba zai juyo ranar Alhamis. Idan ka dawo mini da shafin, zan miƙa mata da hannuna, in tsaya a gabanta har ta gama karantawa. Idan ka riƙe shi, na gane ka zaɓi laifin ya zauna a kanka, kuma ban san da wane ido zan dube ka ba.

Don Allah kada Alhamis ta wuce ban ji daga gare ka ba. Ka yafe mini in za ka iya.

Ni ce,
Maman yara.